PowerPoint ya ƙi ajiye min aiki, kuma gobe da safe nake da semina

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah mai ilimin kwamfuta ya taimaka min. Tun bayan Azahar nake gyaran silayid ɗin seminata, gobe ƙarfe 9 zan gabatar. Yanzu na danna Ctrl da S sai ga wannan rubutu ya fito: "An error occurred while PowerPoint was saving the file." Na sake dannawa, shi dai ne. Silayid 46 ne, kuma duk gyaran da sufabaiza ya ce in yi, yau na yi shi. Office 2016 ne a kan Windows 10. Ban rufe ba tukuna, tsoro nake ji. Batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji, wuta ce kaɗai ke riƙe da ni.

Ɗan_Zazzau: Wa alaikumus salam. Kashe ta ki sake kunnawa, zai daina.

Injiniya_Bature: Kai Ɗan_Zazzau, ka ji tsoron Allah. Malama, kada ki rufe komai. Gyaran da kika yi yau yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ne kawai, kina rufewa ko ta mutu, sai dai wani ikon Allah. Abu na farko ki shiga File, ki je Export, ki zaɓi Create PDF, ki ajiye a Desktop. Ko da komai ya lalace, da PDF za ki iya tsayawa gaban malamai ki yi bayani. Sannan ki ɗauki wayarki ki ɗau hoton silayid ɗin da kika fi shan wahala a kansu. Idan kin gama, danna F12, ki ba fayil ɗin sabon suna gajere, ko da "semina2" ne, ki gwada ajiyewa a Desktop. Ki dawo ki faɗa mana abin da ya ce.

Ɗan_Zazzau: To ai ni da shi nake gyara tawa kullum.

Maman_Sadiq: Kana gyara taka bayan ka riga ka ajiye aikinka. Ita ba ta ajiye ba, nan ne matsalar.

Sani_Fotokwafi: Hajiya, tambaya ɗaya zan yi. Daga ina kika buɗe fayil ɗin? Daga cikin kwamfutar ko daga kan filash?

Ummu_Hanan: Alhamdu lillahi PDF ya fita, na buɗe na ga duk silayid ɗin suna nan. Amma F12 ɗin ya ƙi, rubutun ɗazu ya sake kawowa ko da a Desktop. Malam Sani, daga kan filash na buɗe. Shi na kai wa sufabaiza da safe, da na dawo sai na jona kawai na ci gaba.

Sani_Fotokwafi: Shi ke nan, an zo wurin. A shagonmu da wuya sati ya wuce ba mu ga irin wannan ba, musamman lokacin difens, wato lokacin da ɗalibai ke kare aikin bincikensu. Idan kika buɗe daga filash, manhajar ba ta kwaso komai da komai ta riƙe ba. Manyan abubuwa irin bidiyo da hotuna tana komawa cikin asalin fayil ɗin ne ta ɗauko su lokacin ajiyewa. To idan filash ɗin ya ɗan motsa, ko ramin da kika jona ya saki, ko kwamfutar ta yi barci ta farka, igiyar ta tsinke. Tana zuwa ɗauko kayan sai ta tarar ba hanya. Shi ya sa ko Desktop kika nuna mata za ta ƙi. Kada ki zare shi dai. Ki duba This PC ki gani ko yana nan, kuma ko harafinsa bai canza ba, misali daga E ya koma F.

Abba_Kirak: Ni dai ina ganin lasisi ne. Office ɗin da ake saka mana a kasuwa idan kwanansa ya ƙare haka yake yi, ya hana ka ajiye komai. Ki kawo a sake miki sabo.

Injiniya_Bature: Abba, da lasisi ne da ba ta yi aiki tun Azahar ba. Idan ya kulle saboda lasisi, a can sama zai rubuta "Unlicensed Product" ko "Product Activation Failed", yawancin maɓallan su dushe, ko rubutu ba za ta iya yi ba. Ita kuwa ta yi gyara, har ta fitar da PDF. Malama, akwai irin wannan rubutun a saman allonki?

Ummu_Hanan: Babu. Sunan fayil ɗin ne kawai. Filash ɗin ma yana nan a E, amma gaskiya ɗazu yarona ya ja laftof ɗin, na ji ta yi ƙarar nan da take yi idan an zare abu an mayar.

Sani_Fotokwafi: Kun ji ko? Me na ce?

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum, gaisuwa daga Maradi. Mu nan odinatar ɗinmu da Faransanci take, Save As ɗinku shi muke gani "Enregistrer sous", amma cutar guda ce. Bara a ofishinmu munka sha wahala da irin wannan, ashe tsaron Windows ne ke hana manhaja rubuta komai cikin Documents. Sunansa a naku Controlled folder access, yana cikin Windows Security, ɓangaren kariya daga masu kulle fayil su nemi kuɗi. In an kunna shi, sai ka shiga ka ba manhajar izini da hannunka. 'Yar'uwa, ki duba can ƙasa ta dama ko wani saƙo ya fito cewa an toshe wani abu.

Injiniya_Bature: Malam Issoufou, gaskiya ne yana yin haka, amma a kashe yake zuwa sai in mutum ya kunna. Kuma galibi yana ƙyale manhajojin da ya sani. PDF ɗin da ta fitar ma daga PowerPoint ɗin ya fita, ya sauka lafiya. Ina ganin ba wurin ajiyewar ba ne, wani abu ne a cikin fayil ɗin. Duk da haka, Malama, tunda kina This PC, nawa ya rage a C?

Ummu_Hanan: Layin ya yi ja. Ya ce saura 212 MB.

Maman_Sadiq: Innalillahi. Ke kuwa me kika tara a ciki haka?

Ummu_Hanan: Wallahi Yaya, hotunan biki ne da bidiyoyin aikin fili. Da finafinan yara.

Injiniya_Bature: To ga wata matsalar kuma. Lokacin ajiyewa, Office ba ya rubutawa kai tsaye a kan tsohon fayil. Sabo yake rubutawa na wucin gadi, sai ya tabbatar ya kammala, sannan ya cire tsohon ya ba sabon sunansa. Ke nan yana bukatar fili ko da yaushe, ga Windows ita ma tana neman nata wurin numfashi. Idan akwai bidiyo a silayid ɗinki, 212 MB ba komai ba ne. Nawa ne girman fayil ɗin a kan filash?

Ummu_Hanan: 187 MB. Akwai bidiyon na'urar busar da tumatir da na ɗauka da waya, minti huɗu ne.

Ɗan_Zazzau: Danna alamar Windows da R, ki rubuta %temp%, ki goge duk abin da ke ciki. Nan take za ki samu fili.

Injiniya_Bature: A'a, a'a! Ba yanzu ba. Shawarar tana da kyau a ranar da ba a cikin wannan hali, amma manhajar da ke buɗe tana iya ajiye tarkacen aikinta a can. Kada a je neman fili a share abin da ake ƙoƙarin cetowa. Ki zazzage Recycle Bin, sannan ki jona waya ki kwashe finafinan yaran nan daga Downloads. Ki samu ko da 3 GB ne. Wayar ki jona a ɗaya gefen, kada hannunki ya taɓa filash ɗin.

Malam_Nahawu: Ku yi min afuwa in sa baki, duk da ni malamin harshe ne ba na kwamfuta ba. Na taɓa fama da ƙin ajiyewa, kuma tawa daga salon rubutu ta zo. Mu da muke rubuta Hausa mun daɗe muna amfani da wasu tsofaffin font na musamman saboda ƙ da ɗ da ɓ. Don kada haruffan su rikiɗe a kwamfutar zauren taro, sai wani ya koya min in shiga Options, in je Save, in kunna "Embed fonts in the file", wato fayil ɗin ya tafi da salon rubutunsa. Ashe ba kowane font ne masu shi suka yarda a cusa shi cikin fayil ba. Duk lokacin da na zo ajiyewa sai ya tsaya yana min ƙorafi. Da na cire alamar, na mayar da rubutun Times New Roman, wanda yanzu yana da haruffanmu masu lanƙwasa, shi ke nan na huta. Ɗiyata, ki leƙa wurin, ba ya cin minti ɗaya.

Ummu_Hanan: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba, ba a kunne yake ba. Aikin ma da Turanci ne.

Zee_Kwamfuta: Ni abin da ke ba ni mamaki, har yanzu mutane na wahalar da kansu da filash. Google Slides kyauta ne, kana rubutu yana ajiyewa da kansa, ga 15 GB a Drive. Tun da na koma can ban sake rasa aiki ba.

Sani_Fotokwafi: Zee, ke a ina kike zaune? Ki zo zauren semina ki ga yadda sabis yake, sannan ki yi maganar Drive. Kuma bidiyo mai kusan 200 MB da datar wa za ta ɗora shi a daren nan?

Zee_Kwamfuta: Ai ana saukewa a matsayin pptx, wato fayil ɗin PowerPoint, kafin a tafi. Ban ce ta buɗe a zauren ba.

Maman_Sadiq: Ni na gwada hakan lokacin nawa difens ɗin. Da aka haska a majigi, teburan sun zame, rubutu ya hau kan hoto. Haka ma idan ka yi a WPS, wata manhaja irin Office, ka buɗe a wata manhajar, wani lokacin sai ka sake zama gyara. Duk inda mutum ya yi aikinsa, ya gwada shi a kwamfutar da za a haska da ita, ya kuma riƙe PDF a aljihu.

Abba_Kirak: LibreOffice ma kyauta ne, ba ruwansa da intanet ko lasisi. Impress sunan nasu. Amma ɗalibai ba sa so, wai bai yi musu kyau a ido ba.

Shugaban_Zaure: Jama'a, a bar gardamar wace manhaja ta fi, baiwar Allah na jiran mafita. Ummu_Hanan, ina aka kwana?

Ummu_Hanan: Na kwashe finafinan, yanzu akwai 6 GB. Na sake F12, ya ɗan yi kamar zai tafi, koren layin nan na ƙasa ya kai wajen rabi, sai rubutun ya sake fitowa. Jikina duk ya yi sanyi.

Injiniya_Bature: Kwantar da hankalinki, tsayawar da ya yi a rabi ma labari ne. Yana nufin yana tafiya lafiya har ya iso wani silayid ya ci karo. Yanzu za mu nemo shi. Danna Ctrl da N, sabon fayil zai buɗe, tsohon ki bar shi yadda yake. Koma tsohon, a jerin ƙananan hotunan da ke hagu ki danna silayid na 1, ki riƙe Shift ki danna na 23, ki yi Ctrl da C. A sabon ki danna dama, cikin zaɓin liƙawa ki ɗauki Keep Source Formatting don kada kwalliyar ta canza. Ki ajiye a Desktop. Idan ya yarda, rabin farko lafiya lau, kin tsira da shi. Sai ki ɗauko rabin abin da ya rage ki ƙara, ki sake ajiyewa. Duk inda ya ƙi, mai laifin na cikin rukunin da kika ƙara yanzu, sai ki sake raba shi biyu. Kamar mai neman ruɓaɓɓen ƙwai a kiret ne, ba sai kin fasa duka ba. A silayid 46, zagaye shida ya isa ki kama shi.

Issoufou_Maradi: Wannan dabara ta yi. Akwai kuma Reuse Slides ƙarƙashin New Slide, yana jawo su ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya_Bature: Yana yi, sai dai shi daga fayil ɗin da ke ajiye yake jawowa, wato na safe, wanda babu gyaran yau a ciki. A halin da take ciki kwafi daga wanda ke buɗe shi ne hanya.

Bash_400L: Don Allah tunda ana maganar, ni tawa ta riga ta faru. Shekaranjiya ina cikin aiki aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce ba batir, ban taɓa ajiye fayil ɗin ba ko sau ɗaya. Akwai yadda za a yi?

Zee_Kwamfuta: Bash, buɗe PowerPoint, File, Open, can ƙasan jerin za ka ga Recover Unsaved Presentations. Yana ajiye kwafin ceto duk minti 10 idan ba a taɓa saitin ba. Amma ka yi sauri, ba ya riƙe su har abada. Idan babu a nan, ka rubuta %appdata%\Microsoft\PowerPoint a layin adireshin folda ka duba. Ka kuma je Options, Save, ka mayar da minti 10 ɗin zuwa 3.

Bash_400L: Na duba na farkon, wayam. Bari in gwada na biyun.

Sani_Fotokwafi: Bash, in kwamfutar shago ce ka yi aikin, kada ka sa rai sosai. Da yawanmu muna saka abin da ke mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta, saboda bairos ɗin da ake kwaso mana. Wannan mai mayar da folda ta zama shortcut ɗin ya fi addabar mu. Mutum ya zo yana kuka an cinye masa aiki, alhali ɓoye shi kawai aka yi.

Ummu_Hanan: Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Na kama shi, na 31 ne. Duk sauran 45 sun ajiyu a Desktop, na kuma tura wa kaina ta imel, bai kai 9 MB ba. Ina ƙara na 31 sai ya ƙi. Shi ne mai bidiyon, kuma a gefensa akwai jadawalin zafin na'urar da na kwafo daga Excel. Kuma wallahi ina gama turawa aka ɗauke wuta.

Maman_Sadiq: Allah mun gode maka. Sai ki sha ruwa ki numfasa.

Sani_Fotokwafi: Bidiyo ko? To ai maganata ce ta fito. Yaro ya ja laftof, filash ya fita ya koma, bidiyon ya kasa ɗaukuwa. PDF ya fita ne don shi hoton fuskar bidiyon kawai yake bukata.

Injiniya_Bature: Wataƙila, Malam Sani, amma ban sallama ba tukuna. Akwai jadawalin Excel a wannan silayid ɗin. Idan an cusa littafin Excel ɗin gaba ɗaya a ciki kuma ya samu matsala, shi kaɗai ya isa ya hana ajiyewa, na ga haka ba sau ɗaya ba. Kuma kada mu manta lokacin da abin ya fara, 212 MB ne a kwamfutar. Ta yiwu rashin filin ne ya fara ɓata wani abu tun a gwajin farko.

Zee_Kwamfuta: Idan jadawalin haɗe yake da fayil ɗin Excel da ke kan filash fa? Ai idan ka kwafo ka liƙa kai tsaye haɗa su yake yi.

Injiniya_Bature: Haɗin da ya tsinke yakan hana ki gyara alƙaluman ne, ya ce bai ga fayil ɗin ba. Bai cika hana ajiyewa ba. Za ta iya dubawa a File, Info, idan akwai haɗi za ta ga Edit Links to Files a ƙasa ta dama.

Malam_Nahawu: Ku dai masana ku yi ta yi. Ni tambayata, yarinyar nan ya za ta yi da silayid na 31 gobe?

Injiniya_Bature: Gaskiyarku Malam. Malama, ki yi sabon silayid a wurin. Jadawalin ki kwafo daga Excel ki liƙa shi a matsayin hoto, zaɓin Picture. Bidiyon kuma idan yana wayarki ki sauke shi Desktop tukuna, ki saka ta Insert, sannan File, Info, Compress Media don ya rage nauyi. Idan kin goge shi daga wayar, akwai dabara: ki kwafo tsohon fayil ɗin daga filash, ki canza ƙarshen sunan kwafin daga .pptx zuwa .zip, ki buɗe. Tun daga Office 2007 fayil ɗin pptx ƙunshi ne kawai, cikin foldar ppt akwai wata mai suna media, duk hotuna da bidiyonki suna nan.

Maman_Sadiq: Ni shawarata kada ma ki mayar da bidiyon ciki. Ki ajiye shi daban a folda ɗaya da silayid ɗin, in an zo wurin ki buɗe shi da VLC, manhajar kallon bidiyo. Minti huɗu ma ya yi yawa, malaman nan ba za su bari ki kai ƙarshe ba, ki yanke ya koma ɗaya.

Abba_Kirak: Kuma dai ki sani Office 2016 da Windows 10 duka an daina ba su sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Bayan semina ki zo a duba miki.

Shugaban_Zaure: Abba, talla a zaure sai ranar Juma'a, ka sani.

Sani_Fotokwafi: Injiniya, mu raba gardama. Bayan ta gama gobe, ta kwafo tsohon fayil ɗin daga filash zuwa Desktop, ta buɗe daga can, ta canza harafi ɗaya ta ajiye. Idan ya ajiyu da bidiyon da jadawalin a ciki, filash ne, ka ba ni gaskiyata. Hajiya, shi kuma filash ɗin a nawa kika saye shi, kuma nawa aka rubuta a jikinsa? Akwai na jabu da yawa, a rubuta 64 GB alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana cika sai ya riƙa lalata abin da aka zuba. Akwai 'yar manhaja H2testw da ke tona asirinsu, amma sai kin kwashe kayanki tukuna.

Injiniya_Bature: Gwajin bai cika ba, Malam Sani. Idan jadawalin yau ta saka shi, ba ya cikin fayil ɗin safe, ka ga ko ya ajiyu bai wanke Excel ba. Malama, yaushe kika saka jadawalin?

Ummu_Hanan: Yau ne, bayan La'asar, yana cikin gyaran da aka ba ni. Filash ɗin kuma kyauta aka ba mu a wani taro, 32 GB aka rubuta. Cajina saura kashi 11, bari in yi silayid ɗin nan kafin ta mutu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Bash_400L: Injiniya, na samu wani fayil a foldar da Zee ta ce, amma ƙarshen sunansa .tmp ne, kuma ya ƙi buɗuwa. In canza masa suna zuwa .pptx ko in bar shi?

Injiniya_Bature: Yi kwafinsa tukuna, ka canza sunan kwafin. Idan ya ƙi, ka shiga Open, Browse, ka zaɓe shi, ka danna 'yar kibiyar da ke jikin maɓallin Open ka ɗauki Open and Repair. Nawa ne girmansa?